Feftayid Masu Sauya Siffa: Yadda Masana Ke Tsara Sinadaran da Ke Gina Kansu

Kusan duk wani aiki da ke gudana a cikin jikin mai rai, tun daga narkar da abinci da ɗaukar iskar oksijin a cikin jini har zuwa motsin tsoka da yaƙi da ƙwayoyin cuta, sinadaran da ake kira furotin ne ke ɗauke da nauyinsa. Shi furotin doguwar sarƙa ce ta ƙananan sinadarai masu suna amino asid, waɗanda iri 20 daga cikinsu ne jiki ke jerawa ɗaya bayan ɗaya, kuma idan sarƙar gajera ce, wato ba ta wuce amino asid 50 ko kusa da haka ba, sai masana su kira ta feftayid. Oksitosin, sinadarin da ke tayar da naƙuda, feftayid ne mai amino asid 9 kacal, yayin da insulin da masu ciwon sukari ke yi wa kansu allura yake da 51, don haka yana kan iyaka tsakanin feftayid da furotin.

A cikin shekaru 40 da suka wuce wani reshe na ilimin kimiyyar haɗa sinadarai ya bunƙasa, wanda aikinsa shi ne tsara feftayid ɗin da babu irinsu a halitta, a kuma tsara su ta yadda za su sauya siffa su haɗu da junansu su zama zare ko bututu ko daskararren ruwa mai kauri da ake kira jel, a daidai lokacin da aka so da wurin da aka so. Dabarar da wannan fanni ya dogara a kanta ita ce a gina sinadari mai siffofi biyu da ƙarfinsu ya kusa zuwa ɗaya, ta yadda ɗan ƙaramin sauyi a muhallinsa, kamar ƙaruwar tsami ko gishiri ko zafi ko haske, zai isa ya rinjayar da shi daga wannan siffa zuwa waccan.

Abin da ke ba sarƙa siffarta

Kowane amino asid yana da wani reshe da ke fitowa a gefensa, kuma halin wannan reshe ne ke bambanta shi da 'yan'uwansa. Wasu rassan masu gudun ruwa ne, irin na balin da lusin da fenil'alanin, waɗanda a cikin ruwa suke neman junansu su dunƙule don su ɓuya daga gare shi. Wasu kuma masu son ruwa ne, daga cikinsu akwai masu ɗauke da cajin lantarki, kamar laisin da ajinin masu cajin fozitif, da gulutamet da asfatet masu cajin negatif. Caji iri ɗaya yana tunkuɗe juna, mabambanta kuma suna jawo juna. Bayan waɗannan akwai wata 'yar alaƙa mai rauni da ake kira haɗin haidirojin, wadda ita kaɗai ba ta da wani ƙarfi, amma idan ta taru da yawa a jere sai ta riƙe sarƙa gam.

A 1951 Linus Pauling da Robert Corey da Herman Branson, a Kalifoniya ta Amurka, suka bayyana siffar da ake kira murɗin alfa, inda sarƙa ke murɗewa tana zagaye kanta, kowane zagaye ɗaya yana ɗauke da amino asid 3.6, kuma a wannan shekara Pauling da Corey suka bayyana siffa ta biyu, wato shimfiɗar beta, inda sarƙoƙi ke miƙewa su kwanta kafaɗa da kafaɗa su zama faffaɗan falle. A 1953 Francis Crick ya nuna yadda murɗin alfa biyu ko uku ke nannaɗe juna idan rassa masu gudun ruwa suna maimaituwa a tsari na bakwai-bakwai, irin abin da ake samu a gashi da farce. Daga baya Christian Anfinsen ya warware wani furotin mai suna ribonukuliyes da sinadarai, sannan ya janye sinadaran, furotin ɗin ya koma siffarsa da kansa, abin da ya tabbatar da cewa bayanin siffa yana cikin jerin amino asid ɗin kansa. Wannan aiki ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 1972. Ma'anar hakan ga mai tsarawa ita ce duk wanda ya iya zaɓen jeri ya iya zaɓen siffa, muddin ya fahimci ƙa'idojin.

Darasin da aka ɗauka daga cuta

Misalin da ya fi kusa da mai karatu na yadda ƙaramin sauyi ke juya halin sinadari gaba ɗaya shi ne amosanin jini, wato cutar sikila, wadda Nijeriya ta fi kowace ƙasa a duniya yawan jariran da ake haifa da ita. Himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar oksijin a cikin jajayen ƙwayoyin jini, yana da sarƙoƙi huɗu, biyu daga cikinsu kowace tana da amino asid 146, kuma a jikin mai sikila na shida ne kaɗai a jerin ya bambanta: inda ya kamata a sami gulutamet mai caji mai son ruwa, sai aka sami balin mai gudun ruwa. Pauling da abokan aikinsa ne suka nuna a 1949 cewa himogulobin ɗin masu cutar daban yake, sannan Vernon Ingram ya gano ainihin wurin sauyin a tsakanin 1956 da 1957. Muddin himogulobin na riƙe da oksijin, wannan balin ba ya samun inda zai maƙale. Da zarar ya sauke oksijin ɗin sai siffarsa ta ɗan juya, wani ɗan gurbi mai gudun ruwa ya bayyana a jikinsa, balin ɗin maƙwabcinsa ya faɗa ciki, na gaba ma haka, har su zama dogayen zarurruka masu tauri da ke tanƙwara ƙwayar jini ta koma kamannin lauje ta toshe ƙananan jijiyoyi. Duk rukunan fannin suna cikin wannan misali: akwai siffofi biyu, akwai abin da ke kunna sauyi, akwai kuma haɗuwar da ke biyo bayansa.

Ƙwayar cutar mura ita ma da irin wannan dabara take shiga jiki. A samanta akwai wani furotin mai suna himagulutinin, wanda idan ƙwayar halittar ɗan Adam ta haɗiye ƙwayar cutar ta saka ta cikin wata 'yar jaka mai tsami, wani sashensa da ke lanƙwashe sai ya miƙe ya zama murɗin alfa, ya cilla kansa nisan kusan nanomita 10 ya soki bangon jakar, kamar yadda Chavela Carr da Peter Kim suka yi bayani a 1993. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, kuma kaurin gashin kai guda ɗaya ya kai dubun-dubatar nanomita. Haka nan cutar haukan shanu da ta ɓulla a Birtaniya a 1986 da cutar mantuwa ta Alzheimer suna da nasaba da furotin ɗin da suka bar siffarsu ta asali suka taru cikin shimfiɗar beta, suka zama zarurrukan da ake kira amiloyid. Abin da masana suka tambayi kansu shi ne ko za a iya mallakar wannan hali da ke jawo cuta a mayar da shi kayan aiki.

Yadda ake ƙera su

Emil Fischer na Jamus da Ernest Fourneau ne suka fara haɗa amino asid biyu a ɗakin gwaji a 1901, amma aikin ya ci gaba da zama mai cin rai har zuwa 1963, lokacin da Bruce Merrifield na Cibiyar Rockefeller da ke New York ya fito da hanyar da ake bi har yau. Ana ɗaure amino asid na farko a jikin wasu ƙananan ƙwayoyin roba da ba sa narkewa, a zuba na biyu ya haɗu da shi, a wanke ragowar, a zuba na uku, a ci gaba da haka har sarƙa ta cika, sannan a yanke ta daga jikin robar a tace ta. Merrifield ya sami Nobel a 1984, kuma a yau inji ne ke yin wannan aiki, yana iya kammala feftayid mai amino asid 20 cikin yini guda ko ƙasa da haka. Da ƙira ta yi sauƙi sai hankali ya koma ga zaɓen jeri, wanda shi ne babban aiki, domin sarƙa mai amino asid 10 kawai ana iya jera ta ta hanyoyi sama da tiriliyan 10. A 1988 Lynne Regan da William DeGrado suka tsara wani furotin mai murɗin alfa huɗu daga tushe, ba tare da kwaikwayon wani na halitta ba, ya kuma naɗe kamar yadda suka yi hasashe, wanda ya nuna cewa ƙa'idojin da aka tattara sun isa a yi gini da su.

Feftayid ɗaya a duba na kusa

A 2002 Joel Schneider da Darrin Pochan na Jami'ar Delaware suka wallafa bayanin wani feftayid da suka sa wa suna MAX1, wanda tsarinsa ya nuna yadda masu wannan sana'a ke tunani. Amino asid 20 gare shi: hannuwa biyu da aka jera balin da laisin bi da bi a kowanne, da wata gajeriyar gwiwa a tsakiya mai ɗauke da amino asid biyu na nau'in furolin, wadda aka zaɓa domin tana tilasta wa sarƙar ta karya kwana ta dawo baya. Idan hannuwan biyu suka kwanta kusa da juna, dukan balin suna fuskantar gefe guda, dukan laisin kuma suna fuskantar ɗaya gefen. Sai dai laisin guda 8 ne, dukansu masu cajin fozitif, saboda haka a cikin ruwa maras gishiri suna tunkuɗe juna, sarƙar ta kasa ninkewa, ta zauna a warware cikin ruwan da ke zuba tsararo.

Ana auna tsamin ruwa da ma'aunin pH, wanda ya tashi daga 0 zuwa 14, inda 7 ke tsakiya, abin da ke ƙasa da shi tsami ne, abin da ke sama kuma ya karkata ga ɓangaren kanwa. Jinin ɗan Adam yana wajen 7.4. Idan aka ɗaga pH na ruwan MAX1 zuwa 9, laisin ɗin suna rasa wani ɓangare na cajinsu, haka kuma idan aka zuba gishiri gwargwadon wanda ke cikin jini, gishirin yana shiga tsakani ya kare cajin daga juna. Ta kowace hanya tunkuɗar tana raguwa, sarƙar ta ninke gida biyu, fuskar balin ta wannan ta manne da ta wancan don gudun ruwa, gefuna kuma su haɗu da haɗin haidirojin, har a sami zarurruka masu kaurin nanomita 3 da suke sarƙewa su kama ruwan ya zama jel, alhali feftayid ɗin bai wuce kashi 1 ko 2 cikin 100 na nauyin abin ba. Wannan ya yi kama da abin da ke faruwa idan madara ta zama kindirmo, inda tsamin da ƙwayoyin bakteriya ke samarwa yake kashe cajin da ke raba furotin ɗin madara, su taru su yi kauri, illa dai a nan mai tsarawa ne ya ƙayyade matakin da sauyin zai auku da siffar abin da zai fito.

Jel ɗin MAX1 yana da wani hali mai amfani ga likita, domin idan aka matsa shi ta cikin sirinji yana kwarara, da ya fita kuma sai ya sake kamewa. Matsalarsa ita ce jinkirin kamewa, wanda ke sa ƙwayoyin halittar da aka cuɗa a ciki su nutse ƙasa kafin ya yi tauri. Masu binciken suka cire laisin guda ɗaya, na 15 a jerin, suka sa gulutamet mai cajin negatif a madadinsa, suka sami MAX8 wanda ke kamewa cikin kusan minti guda, ƙwayoyin halittar kuma su tsaya a warwatse daidai wa daida. Abin lura shi ne musayar amino asid guda ɗaya, irin wadda ke haddasa sikila, ita ce a nan ta gyara kayan aiki.

Sauran makunnai

Tsami da gishiri ba su kaɗai ne ake kunna sauyi da su ba. Andrew Woolley na Jami'ar Toronto ta Kanada ya ɗaura wani sinadari mai suna azobenzin a wurare biyu na jikin feftayid, sinadarin da ke miƙe a cikin duhu amma ya tanƙware idan wani nau'in haske ya same shi, ta haka tazarar wuraren biyu take raguwa, murɗin alfa ya ƙullu ko ya warware gwargwadon inda aka ɗaura shi. A 2004 Bing Xu, wanda a lokacin yake Hong Kong kafin ya koma Jami'ar Brandeis, ya yi amfani da enzayim, wato furotin mai gaggauta aikin sinadarai: ya liƙa wa ƙaramin sinadari wani gungu na fosfet mai caji da ke hana shi taruwa, enzayim ɗin ya zo ya yanke fosfet ɗin, nan take zarurruka suka fara ginuwa. Tun da wasu ƙwayoyin cutar daji suna samar da wannan enzayim fiye da kima, ana gwada dabarar a ɗakunan bincike da jikin dabbobi don zarurrukan su ginu a kansu su kaɗai. Ƙungiyoyin Derek Woolfson a Ingila da Brian Kuhlman a Amurka kuwa sun tsara feftayid da ke nannaɗe juna a matsayin murɗin alfa, amma idan aka zuba musu sinadarin tutiya sai su rabu kowanne ya dunƙule a kewayen ƙarfen. Akwai kuma masu amsa wa zafi, waɗanda Dan Urry ya yi nazarinsu bisa kwaikwayon elastin, furotin mai ba fata da jijiyoyi talewa. Suna narkewa a ruwan sanyi, su taru idan ya ɗumama.

Girman sarƙa ba sharaɗi ba ne. A 1993 Reza Ghadiri na Cibiyar Scripps ya yi zobba masu amino asid 8 waɗanda ke hawa kan juna su zama bututu idan aka ƙara tsami, sannan a 2003 Meital Reches da Ehud Gazit na Jami'ar Tel Aviv suka nuna cewa fenil'alanin biyu kacal, waɗanda suka ciro daga tsakiyar feftayid ɗin da ke taruwa a ƙwaƙwalwar masu Alzheimer, suna gina bututu masu tauri, har suka cika su da azurfa suka narkar da feftayid ɗin suka sami siririyar waya.

Inda aka kai a asibiti

A farkon shekarun 1990 Shuguang Zhang na cibiyar MIT ya lura da wani sashe mai maimaituwa a cikin wani furotin na yisti, wanda ke taruwa ya zama falle idan ya haɗu da gishiri, kuma daga wannan aka tsara RADA16, mai amino asid huɗu, wato ajinin da alanin da asfatet da alanin, da aka maimaita sau huɗu. Ana sayar da shi da sunan PuraStat a cikin sirinji, ruwa ne garai-garai mai ɗan tsami, wanda likitan da ya cire ƙari daga bangon hanji ta na'urar leƙa ciki yake shafawa a inda jini ke tsattsafowa. Da ya taɓa jini sai tsaminsa ya karye, gishirin jinin ya sa zarurrukansa su sarƙe su zama shinge, kuma saboda haske na ratsa shi likita yana ci gaba da ganin wurin da yake aiki. A Jami'ar Leeds ta Ingila, Amalia Aggeli da abokan aikinta sun tsara P11-4 mai amino asid 11, wanda ke shiga ƙananan ramukan haƙorin da ya fara ruɓewa yana ruwa, tsamin da ke cikin ramin ya sa shi ya zama zarurruka masu jawo kalsiyum daga yawu, ma'adinin haƙori ya sake taruwa a kansu. Ana samunsa da sunan Curodont Repair. Maganin lanriyotayid, mai amino asid 8, da ake ba masu cutar yawan sinadarin girma, yana gina bututu masu faɗin nanomita 24 da ke zama jel a ƙarƙashin fata suna sakin maganin sannu a hankali, shi ya sa allura ɗaya take kai mako huɗu. Shi kuwa Samuel Stupp na Jami'ar Northwestern, wanda tun 2001 yake aiki da feftayid masu jelar maiƙo, ya ba da rahoto a 2021 cewa allurar irin waɗannan zarurruka ta taimaka wa ɓerayen da lakarsu ta ji rauni suka sake tafiya, sakamakon da aka samu a jikin ɓera, wanda sai gwaji a jikin mutane ne zai nuna iyakarsa.

Kwamfuta da sauran ƙalubale

Kwamfuta ta faɗaɗa abin da ake iya nema. A 2015 Rein Ulijn da Tell Tuttle da abokan aikinsu suka gwada dukan feftayid 8,000 masu amino asid uku a cikin kwamfuta, suka zaɓi waɗanda suka fi alamar taruwa, suka kuma tabbatar da wasunsu a ɗakin gwaji. David Baker na Jami'ar Washington, wanda ƙungiyarsa ta tsara furotin ɗin Top7 a 2003, ya fito a 2019 da wani tsari mai suna LOCKR, inda wani sashe na furotin yake rufe har sai wata sarƙa da aka tsara a matsayin mabuɗi ta zo ta ture marufin. A 2024 ya raba kyautar Nobel da Demis Hassabis da John Jumper, masu manhajar AlphaFold da ke hasashen siffar furotin daga jerinsa.

Duk da haka tsara abu mai siffofi biyu ya fi tsara mai siffa ɗaya wuya nesa ba kusa ba, domin bambancin ƙarfin da ke tsakanin siffofin sau da yawa bai wuce na 'yan haɗin haidirojin ƙalilan ba, kuma kuskuren lissafin kwamfuta yana iya kai wannan girma. Philip Bryan da John Orban na Jami'ar Maryland sun nuna a 2009 cewa a wani furotin mai amino asid 56, musayar guda ɗaya tak tana juya shi daga wata siffa zuwa wata dabam gaba ɗaya, irin abin da manhajojin da aka horar su ba da amsa guda suke wahalar hangowa. Bugu da ƙari, jiki yana cike da enzayim masu daddatsa feftayid, abin da ya sa ake cusa amino asid masu juyayyar siffa, kamar hoton na asali a madubi, waɗanda enzayim ba ya ganewa. Garkuwar jiki tana iya ɗaukar baƙon zare a matsayin abokin gaba. Hanyar Merrifield tana cin sinadaran wanki masu yawa da tsada. Sannan feftayid ɗaya yana iya ba da zarurruka iri dabam-dabam gwargwadon saurin gauraya da zafin ɗaki. Ko insulin yana rikiɗa ya zama amiloyid maras amfani idan ya sha zafi da girgiza, wanda yana cikin dalilan da suka sa adana shi a ƙasashe masu zafi da ƙarancin lantarki yake da wahala.

Saboda haka abin da ake auna sabon feftayid da shi a yau ya ƙunshi sharuɗɗa da dama a haɗe: ya zauna a narke tsawon watanni a cikin kwalba, ya sauya a daidai matakin tsami ko zafi da aka ƙayyade masa, ya gina siffa guda da za a iya maimaitawa a kowane zubi na masana'anta, sannan ya wargaje ya koma amino asid da jiki zai iya sarrafawa bayan ya gama aiki. 'Yan kaɗan ne suka cika waɗannan sharuɗɗa har suka isa hannun likita, kuma yawancinsu gajeru ne masu sauƙin jeri waɗanda aka fahimci halinsu ciki da waje, abin da ke nuna cewa ci gaban fannin ya rataya ne ga iya lissafin ƙananan bambance-bambancen ƙarfi da ke tsakanin siffa da siffa.